Ana Zaton Wuta a Maƙera: Abin da ke Cinye Kwamfutocin Titin Bauchi

Duk wanda ya bi Titin Bauchi da hantsi, tsakanin tashar mota da ƙofar tsohuwar harabar Jami'ar Jos, kunnensa zai sha ƙara iri biyu: ta 'yan kamasho masu kiran Bauchi da Gombe, da ta ƙananan injinan wuta da aka jera a bakin shaguna. A cikin shagunan nan, waɗanda wasunsu ba su wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, ake buga kundin ɗalibai, a yi kwafin takardu, a cike fom, a ɗauki hoton fasfo. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sana'ar ta ƙara kauri. A bayan titin kuma, cikin lungunan Unguwar Rogo da Unguwar Rimi, akwai wasu ofisoshin da ba su da allo a ƙofa: malamin jami'a da ke duba kundin ɗalibansa a falo, matashin da ke zana talla wa mutanen Legas daga ɗakinsa na soro, uwargidan da ke sayar da atamfa ta WhatsApp. Jarin kowannensu bai wuce tebur ɗaya ba, kwamfuta, firinta, akwatin intanet, cajoji. Kuma kusan dukkansu, wannan jarin yana rataye ne a jikin abu mafi araha a ɗakin, wato ekistenshan ɗin da aka saya a hannun mai tura baro.

Ranar da wani abu ya yi ƙauri, hukuncin a shirye yake: "NEPA ce ta kawo da ƙarfi." NEPA dai ta daina amsa wannan suna tun 2005, ta koma PHCN, kuma tun watan Nuwamban 2013 kamfanin JED ne ke raba wuta a Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Amma bakin mutane bai yarda da sauyin ba. Zargin ma ba ƙarya ba ne kullum. Sai dai kalmar "ƙarfi" tana rufe cututtuka dabam-dabam a ƙarƙashin mayafi ɗaya, kowacce da maganinta, kuma mafi yawan wadda ke tayar da gobara ba daga kan fal take zuwa ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa, wato ƙarƙashin teburin mai gida.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda aka gada daga Ingila inda aka fito da shi a 1947, an yi shi ne don ya ɗauki amfiya 13. In aka ninka 230 sau 13 za a sami wat 2,990, a ce dubu uku. Wannan ita ce iyakar abin da ramin soket ɗaya zai ɗauka, ko da an jona masa ekistenshan mai baki goma sha biyu. Yawan baki ba ya ƙara wa maƙogwaro faɗi. Galibin ekistenshan na kasuwa ma amfiya 10 aka rubuta a bayansu, wato wat 2,300, in har rubutun gaskiya ne.

Abin mamaki, kayan ofis na zamani ba su da ci. Kwamfutar cinya tana shan wat 45 zuwa 90. Akwatin intanet kusan wat 10. Cajar waya, ƙwan fitila na zamani, ƙaramar firinta mai tawada, duk a haɗa su da ƙyar su kai wat 200, abin da bai cika amfiya ɗaya ba. Masu ci su ne duk abin da aikinsa zafi ne. Firinta mai garin tawada tana gasa rubutu ne a jikin takarda, don haka takan ja wat 500 zuwa sama lokacin aiki, ta wuce haka nesa a daidai lokacin da take ɗumama kanta. Babbar na'urar kwafi tana neman wat 1,200 zuwa 1,500. Na'urar manne takarda da leda tana cin wasu ɗaruruwa. Mai shagon da ya haɗa waɗannan uku da kwamfutar tebur a kan ekistenshan ɗaya yana iya haura wat 2,300 tun kafin ya kunna fanka.

A nan ne Jos ta bambanta da Kano ko Sakkwato. Garin yana zaune ne a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyinsa na Disamba da Janairu ba sai an ba kowa labari ba. Mutumin da ke aiki da asuba a Unguwar Rogo ba fanka yake nema ba, shayi yake nema da abin da zai ɗumama ƙafa. Butar lantarki wat 2,000 ce. Na'urar ɗumama ɗaki ita ma wat 2,000. Hitar da ake tsomawa a bokiti ta haura dubu. Sai a duba ɗakin, a ga soket ɗaya ne ke aiki, shi ne na bayan teburin kwamfuta. Buta da na'urar ɗumama ɗaki da kayan ofis sun tashi wat 4,200, wato amfiya 18, a kan wayar da aka yi wa alkawarin goma.

Mai karatu zai ce ai akwai fiyus. Akwai, amma fiyus ba mai gadin da ke harbi da ganin inuwa ba ne. Bisa ƙa'idar da ake ƙera shi, fiyus mai amfiya 13 zai iya jure kusan amfiya 20 har rabin sa'a bai tsinke ba. Amfiya 18 za ta wuce ta gabansa yana kallo. Ita kuwa waya ba ta da wannan haƙurin, domin zafin da ke taruwa a cikinta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar: in wuta ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Wayar da aka yi don amfiya 10, aka ɗora mata 18, tana fitar da zafi fiye da ninki uku na abin da robarta za ta ɗauka. In kuma an naɗe ta, ko an tura ta ƙarƙashin kafet don kada yara su yi tuntuɓe, ko an jibge mata rim ɗin takarda, zafin ba shi da hanyar fita.

Wannan duk in fiyus ɗin na nan ke nan. Sau nawa aka buɗe filogi aka tarar da silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa? Sau nawa aka cire filogin ɗungurum, aka tura tsiraran wayoyi cikin soket, aka tokare da tsinken ashana? Sannan ga soket ɗin nan da ake yi wa kirari da "mai karɓar kowane filogi". Ramin da ya dace da kowa bai kama kowa da kyau ba, kuma inda haɗi ya yi sako-sako, nan tartsatsi ke zama. Baƙin tabon da ake gani a bakin irin waɗannan soket, da warin kifi-kifi da roba ke yi in ta fara dahuwa, su ne gargaɗin ƙarshe.

Ita kanta wayar akwai magana a kanta. Ƙa'ida ita ce layin soket ya sami waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, layin fitilu 1.5. Amma kasuwa cike take da wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba, da wadda cikinta sanholo ne aka yi masa wankan jan ƙarfe. Mai wayarin da ya san aikinsa yakan kankare silin da wuƙa: in fari ya leƙo, an gane. Najeriya na da masana'antun waya masu suna, irin su Cutix a Nnewi da Coleman da NOCACO ta Kaduna, kuma hukumar SON ta daɗe tana farautar jabu. Sai dai mai ginin haya da ke lissafin kuɗin bulo ba kasafai yake tambayar abin da aka binne cikin bango ba, ɗan haya kuma ba ya gani. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kashe gida take yi.

Cuta ta biyu daga sama take saukowa. Daminar Jos, daga Afrilu zuwa Oktoba, ta shahara da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara, musamman a farkonta da ƙarshenta. Kakanni sun ce aradu gatari take jefowa, kuma in manomi ya tsinci gogaggen dutse mai baki a gona sai a ce gatarin aradu ne. Masu binciken tarihi sun nuna cewa gatura ne na mutanen dā, irin waɗanda haƙar kuza ta yi ta tonowa a wannan yanki, kuma gidan tarihin Jos da Bernard Fagg ya kafa a 1952 ya tattara ire-irensu. Gatarin gaskiya ba ya barin abin tsinta. Saukar aradu ɗaya tana ɗauke da amfiya kusan 30,000, kuma ba sai ta faɗo kan gida take ɓarna ba. In ta sauka kusa da wayoyin da ke kan fal, takan cusa musu wani tsalle na dubban bolt, wanda zai bi layi ya shiga gidaje. Tsallen ba ya kai ƙiftawar ido, ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ƙwan fitila ba zai ko girgiza ba. Amma ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke aiki da bolt ɗaya zuwa biyar, ta gama yawo.

Ƙananan irin wannan tsalle suna faruwa kullum ba tare da hadari ba: lokacin da aka dawo da wuta, lokacin da mai walda na maƙwabta ya ɗana ƙarfe, lokacin da injin niƙa ko famfon burtsatse ya tsaya. Ba sa kashe na'ura nan take, cinta suke yi a hankali kamar gara.

Maganin wannan wani ɗan faifai ne mai kama da kwabo, galibi shuɗi, wanda injiniyoyin kamfanin Matsushita na Japan suka samar a 1968 daga garin tutiya. Sunansa barista, kuma ba shi da alaƙa da kotu. Halinsa shi ne, muddin wuta tana daidai, yana zaune kamar ba ya nan. Da ta yi tsalle sai ya buɗe mata hanya ta gefe, ya shanye dukan, ya koma ya rufe. Shi ne ke cikin ekistenshan na gaske mai kariya daga tsalle, shi ne kuma ke cikin na'urar da ake ɗaurawa a akwatin rabon wuta na gida. Abu biyu ne masu saye ba su cika sani ba. Na farko, jan maɓalli mai haske a jikin ekistenshan ba shaidar kariya ba ne, makunni ne kawai. Da yawa in aka kwance su ba za a ga komai ba sai siraran ƙarafa. Na biyu, barista yana tsufa. Kowane duka yana rage masa rai, har ranar da zai mutu shiru, ekistenshan ya ci gaba da ba da wuta kamar lafiya lau. Masu kyau suna da wata 'yar fitila ta dabam da ke nuna kariyar na raye. In ta mutu, abin da ya rage a hannu ekistenshan ne kawai.

Kuma aradu ba ta san ƙofar gaba kaɗai ba. Wayar dish, wayar intanet da aka ja daga eriyar kan rufi, wayoyin da ke saukowa daga faifan sola, duk hanyoyi ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, rufin gidaje ya cika da sola, kuma tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, an ƙara samun abin ɗorawa a sama. Mutum zai kashe kuɗi ya tsare soket, dukan ya shigo ta wayar akwatin intanet, ya bi ta cikin kwamfuta ya fita. Wayar intanet ta zaren gilashi ce kaɗai ba ta ɗaukar wuta. Don haka tsohuwar dabarar iyaye mata, ta zare komai daga bango in hadari ya haɗo, har yau babu na'urar da ta fi ta. Kashe makunni bai isa ba, domin tazarar da ke cikinsa ba ta fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, abin da ya keto kilomitoci daga gajimare kuwa ba zai tsaya nan ba. Mai son sanin nisan hadari ya ƙirga daga walƙiya zuwa ƙara: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce.

Sai cuta ta uku, wadda ita ce ainihin abin da mutane ke nufi in sun ce an kawo da ƙarfi, ranar da ƙwai ke fashewa layi guda, talabijin na hayaƙi, kowa ya fito ƙofar gida yana salati. Taransifomar unguwa tana fitar da layi uku masu wuta da na huɗu da ake kira nutural. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi 400 ne. Nutural shi ne ke riƙe ma'auni. In ya tsinke, ko don tsatsa a mahaɗa, ko iska ta kayar da reshe, ko ɓarayin jan ƙarfe sun ziyarci taransifoma da dare, sai gidajen da ke layuka dabam-dabam su shiga raba bolt 400 a tsakaninsu. Rabon kuma ba na adalci ba ne. Layin da aka jibga wa hita da dutsen guga wutarsa ke faɗuwa, layin da ba kowa a kai sai mai kwamfuta da ƙwai biyu shi ke kwasar kusan duka. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan shari'ar maƙwabcinsa ne ke jiƙewa.

A bayan cajar kwamfuta an rubuta 100 zuwa 240. Wannan ya sa ba ta damu da raunin wuta ba, amma a cikinta akwai wani ɗan gwangwani mai tara wuta da ba ya jure fiye da bolt 400 ko 450. Wutar 230 tana kai ƙololuwar 325 a kowane kaɗawa, yana ɗauka. Wutar 400 tana kai 565. Ƙarar "fau" da ake ji, ita ce tasa. Barista ma ba ya ceto a nan, domin an yi shi don duka ɗaya mai wucewa, ba don a danne shi minti biyar ba. Shi kansa zai ƙone. Haka kuma abin ke faruwa a gidajen da aka ja layi biyu ko uku, ana zare fiyus ɗin bango ana mayarwa wani rami don neman layin da ya fi haske. Kuskure ɗaya a cikin duhu ya isa ya haɗa wa gida layi da layi.

Abin da ke maganin wannan ba shi da tsada kamar ɓarnarsa: na'urar da ke auna wuta, ta yanke in ta haura iyaka ko ta faɗi ƙasa da iyaka, sannan ta jira kafin ta mayar. Ita ce ake sayarwa da sunan mai gadin firji ko mai gadin talabijin, kuma kamfanin Sollatek ya yi suna a Afirka da ita. Akwai wadda ake ɗaurawa a akwatin rabo ta tsare gida duka, tana nuna lambar bolt da ja. Jiran da take yi yana da muhimmanci, domin mintunan farko bayan dawowar wuta su ne mafi hatsari: unguwa duka ta bar komai a kunne, firji da famfo da hita suna farkawa lokaci guda, sau da yawa a ɗauke a sake kawowa. Mutanen Jos sun ga dogon zama cikin duhu a Oktoban 2024, lokacin da babban layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke hawowa ta Makurɗi, ya faɗi alhali layin Shiroro zuwa Kaduna na kwance sakamakon ɓarnar da aka yi masa, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda ba wuta. A irin wannan zama ne ake mance abin da aka bari a jone.

To ina sitabilaiza, wadda ita ce kowa ke fara saye? Tana da aikinta, amma an ɗora mata rawanin da ba nata ba. Aikinta shi ne ɗaga wutar da ta yi rauni, ko sauke wadda ta ɗan haura. Ƙarar ƙas-ƙas da take yi alama ce ta sauya mataki, kuma kowane sauyi yana cin wani yanki na daƙiƙa da ya fi tsallen aradu tsawo sau ɗaruruwa. Kafin ta juyo, an gama. Sannan lambar da ke goshinta ta lokacin wuta mai lafiya ce. In abin da ke shigowa ya faɗi zuwa bolt 140, ƙarfinta na iya sauka kusan rabi. Ba ta ƙirƙirar wuta, jawowa take yi. Kayan wat 1,000 da ke shan amfiya huɗu da ɗoriya a bolt 230, za su ja fiye da bakwai a bolt 140, ta cikin wayar nan dai ta bango. Kowane gida ya sa tasa, sai layin ya ƙara durƙushewa, a koma sayen wadda ta fi girma. Mai kwamfutar cinya kaɗai, gaskiya, bai cika buƙatarta ba. Mai na'urar kwafi ne ke buƙata, kuma babba.

UPS kuma gada ce, ba gida ba. Ƙaramar da aka rubuta wa 650 ba wat 650 take bayarwa ba, tsakanin 360 da 390 ne, da batir ɗaya mai bolt 12 wanda zai ba kwamfutar tebur 'yan mintunan adana aiki a kashe ta da mutunci. Masu ƙera ta da kansu suna hana jona mata firinta mai garin tawada. Haka ƙaramin injin nan da ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina": an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake iya riƙewa kusan wat 650 ne. Lokacin da ya fi cutar da kaya shi ne sa'ad da mai ya kusa ƙarewa, yana tari yana tashi, wutar na hawa da sauka. A zare kaya kafin a kashe shi, a bar shi ya daidaita kafin a jona. Kuma a sa makunnin sauya layi na gaske. Injin da aka cusa wa gida ta soket yana iya mayar da wuta kan fal, inda wani bawan Allah ke aiki da yaƙinin an ɗauke.

Akwai ɗan abin takaici a ce ana wannan bayani a Jos. Garin nan ya riga kusan duk Arewa sanin lantarki. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya kama ruwan Kurra ya mayar da shi wuta don injinan haƙar kuza, kuma har yau yana nan da mazauninsa a Bukuru. Kusan shekara ɗari ke nan ana ja wa mutane waya a wannan tudu. Amma a shiga gidajen haya goma a kwance soket, a ga nawa ne ramin sama na filogi, wato na wayar ƙasa da ake kira at, yake haɗe da wani abu. A wasu an ja koriyar wayar ta tsaya a akwatin rabo. A wasu ba a ja ta ba sam.

Wannan waya ita ce ginshiƙin duk abin da aka lissafa. Ita ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Duk wanda ya taɓa jin jikin kwamfutar tebur yana ɗan cizonsa in ya taɓa ba takalmi, ya ji rashinta. Bireka mai gane yoyon wuta, wadda ke faɗuwa in kashi 30 cikin dubu na amfiya ya ɓace, tana fin amfani in wayar na nan, domin za ta yanke tun kafin hannu ya kai. Barista ma, in ba ƙasa, rabin aikinsa kawai yake yi: zai tare abin da ya zo tsakanin layi da nutural, amma dukan aradu da ke neman ƙasa ba shi da inda zai zubar da shi.

Ƙasar Jos kuwa ba ta karɓar baƙo da sauƙi. Tudun dutse ne, a wurare da yawa in aka haƙa kaɗan sai a ci karo da fa ko marmara, kuma busasshen dutse ba ya shan wuta. Sandar jan ƙarfe da za ta wadatar a fadama, a nan sai ta zama ado. Masu wayarin sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa na wani lokaci, sai dai ruwa na wanke gishirin, kafin ya tafi kuma ya ci sandar. Waɗanda suka fi sanin aiki sukan kafa sanduna biyu ko uku da tazara a haɗa su, ko su shimfiɗa waya a dogon rami, ko su cika ramin da yumɓun bentonait mai riƙe danshi, su kuma nemi gefen gida da ba ya bushewa. Sandar kanta sai an duba, don akwai ƙarfen da aka shafa wa launin ja kawai.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba wayarin da ba masu aikin shaidar ƙwarewa, kuma mai gida na da damar tambayar wanda ya kira ko yana da ita. Tambaya ta biyu ita ce ko yana da na'urar auna ƙasa, domin "Alhaji, na sa maka at mai kyau" ba awo ba ne. Awon lamba ce da ake kira om: ƙa'idar kariyar aradu tana son goma ko ƙasa da haka, kuma ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda masu aikin Najeriya suka taso a kanta, tana ɗaukar duk abin da ya haura 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi. Lambar tana sauyawa da yanayi. Wadda aka auna a Agusta, ƙasa na jiƙe sharkaf, za ta faranta ran kowa. Ta gaskiya ita ce ta Fabrairu ko Maris, bayan hunturu ya tsotse ƙasa, makonni kaɗan kafin hadarin farko ya taso. A sa mai aunawa ya rubuta ta da kwanan wata, a manna a murfin akwatin rabo, don a sami abin kwatantawa baɗi.